Kurakuran da ke ɓata gwaji a ɗakin haɗa sinadarai

Idan gwajin sabon ɗalibi ya ƙi, da wuya a ce karatu ne bai yi ba. Galibi danshi ne ya yi masa ɓarna, ko kuma gaggawa.

Ɗauki haɗin Grignard, wato haɗa ƙarfen magniziyam da wani sinadari a cikin ruwan narkarwa, wanda Bafaranshe Victor Grignard ya gano a 1900 har ya ci kyautar Nobel a 1912. Ɗalibi zai wanke kwalba, ya ga ta bushe a ido, ya zuba magniziyam ya zauna jira. Shiru kake ji. Ai gilashi na riƙe danshin da ido ba ya gani, kuma wannan ɗan danshin ya isa ya kashe sinadarin tun yana haɗuwa. Maganin shi ne kwalba ta kwana a tanda mai zafin digiri 120, ta huce a ƙarƙashin iskar naitirojin ko agon, ruwan narkarwar ma a busar da shi tukuna. Idan magniziyam ɗin ya tsufa ya yi duhu, ɗan ƙwayar ayodin na tayar da shi. Kada ka ƙara zuba sinadari don ka ga bai motsa ba. In ya tashi gaba ɗaya, tafasowa zai yi ya fi ƙarfinka.

Sai mazurarin rabewa, wato gilashi mai famfo a ƙasa da ake raba ruwa biyu da ba sa gauraya da shi, inda aikin mako guda kan bi rariya. Ruwan narkarwa irin daikuloromitan ya fi ruwa nauyi, ƙasa yake kwanciya. Sinadarin ita (ether) da etil asitet kuwa sama suke hawa. In ka rikice, ɗiga ruwa kaɗan ka ga ɓangaren da ya shiga. Ni dai ba na zubar da komai sai abin da nake nema ya zo hannu. Kuma in akwai bakabonet a ciki, wato sinadarin da ke fitar da iska in ya haɗu da asid, riƙa buɗe famfon kana sakin iska, in ba haka ba murfi ya yi tsalle.

Wasu kuma agogo suke bi, wai takardar umarnin gwajin ta ce haɗin zai ɗauki awa biyu. Farantin TLC, wato ɗan farantin da ake ɗiga haɗin a kai don a ga sinadaran da ke ciki, shi ne zai gaya maka ko an gama, minti biyar kawai yake ci.

Akwai kuskuren da ba ya gyaruwa. A Disambar 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, wata matashiyar mai bincike tana ɗibar tat-butil litiyam da sirinji, sai matosin ya zare. Sinadarin na haɗuwa da iska ya kama wuta, ga shi ba ta sa rigar kariya ba. Ta rasu bayan kwana 18. Irin wannan sinadari ba a cika sirinji da shi fiye da rabi, mai yawa kuwa ta siririn bututun ƙarfe ake tura shi daga kwalba zuwa kwalba. Sa riga mai jure wuta, ka kawar da duk abin da ke ci da wuta daga teburin, kuma kada ka taɓa shi sai da wani a kusa da kai.