Darasi na Tara: In Na'ura Ta Nuna Maka Tsoffin Kuɗi a Ƙasa

Tun 2014 da aka samu zinare a Jado, can arewacin Nijar, na'urar gano ƙarfe ta daina zama baƙuwa a wurin mutanenmu. Wasu a Sudan suka fara ganinta, wasu kuma da ita suka dawo gida. Ita dai na'ura ba ta san zinare kaɗai ba. Tana ƙara a kan ƙusa, da gwangwani, da tsohuwar fartanya. Wata rana kuma sai ta yi ƙara a kan kuɗin mutanen da.

A ce kana cikin wani kufai bayan girbi. Na'ura ta yi ƙara, ka tona kamar kamu ɗaya, sai ga bakin tukunya. Ka zura hannu, ka ciro wasu ƙarafa masu faɗi, sun yi baƙi, wasu sun yi kore, wasu sun manne da juna. Gabanka yana faɗuwa. Zuciya tana cewa kwashe, zuba a buhu, kada wani ya gani.

A nan ne ake yin asara. Dakata.

Bar tukunyar yadda take

A shekarar 2010, a kusa da garin Frome a Ingila, wani mai na'ura da ake kira Dave Crisp ya tono bakin wata babbar tukunya cike da kuɗin Rumawa. Bai kwashe ba. Ya mayar da ƙasa ya rufe, ya je ya sanar da hukuma. Masana suka zo suka riƙa ɗiba daki-daki daga sama har ƙasa, suka ƙirga kuɗi 52,503. Saboda ba a dagula wurin ba, sai suka gane cewa tukunyar aka fara binnewa, sannan aka cika ta, don ba za ta ɗauku da wannan nauyi ba. Da ya juye ta a buhu, da wannan sani ya tafi ke nan. An yi wa kuɗin ƙima fam 320,250, aka raba tsakaninsa da mai gonar.

Kai ma haka za ka yi. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai. Sannan ciro littafinka da biro, ga ranar karatunka ta zo. Rubuta kwanan wata, da sunan wurin, da mai gonar, da zurfin ramin, da abin da ke kusa, ko kuka ce ko tsohuwar rijiya. In kuma abin da ka tarar ya yi kama da harsashi ko bam, kada ka taɓa, ka ja da baya, ka faɗa wa jami'an tsaro.

Kada ka wanke

Wannan ita ce maganar da na fi so ta zauna muku. Mun saba, in kwano ya yi baƙi sai a sa masa toka da lemon tsami har ya yi ƙyalli. Tsohon kuɗi ba kwano ba ne. Wannan baƙin da ke jikinsa, shi ne shaidar shekarunsa, kuma masana da masu saye shi suke dubawa. Kuɗin da aka dirje da yashi, ko aka jiƙa a ruwan batir, rubutunsa yana sirancewa, jikinsa yana cika da zane, darajarsa ta faɗi, ba kuma ta dawowa. Kada ka ciza don gwaji, kada ka goga a dutse. Waɗanda suka manne, bar su a manne. In ka ɗauki ɗaya, riƙe shi ta gefe, naɗe shi shi kaɗai a takarda busasshiya, ajiye inda ba laima.

Narkarwa ta fi duka ciwo. Maƙerin azurfa nauyi kawai zai auna ya biya ka. Da zarar kuɗi ya shiga wuta ya zama zobe, ba mai iya sake karanta sunan sarkin da ya buga shi.

Karanta abin da ke jiki

Yawancin abin da za ka samu a ƙasashenmu kuɗin zamanin Turawa ne: anini, da ɗari (wato rabin kwabo), da kwabo, masu huda a tsakiya da tauraro mai kusurwa shida, har da rubutun Larabci. An fara buga irinsu a 1907. Dattawan ajin nan sun san lissafinsu: anini 10 kwabo ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, har zuwa 1973 da naira ta zo. Gaskiya ita ce an buga su da yawa ƙwarai, don haka mafi yawansu ba su da tsada. Kada ka ci bashi a kansu. Sulen da aka buga daga 1913 zuwa wajen 1920 na azurfa ne, na baya kuwa jan ƙarfe ne da aka gauraya.

Akwai kuma liyari, babban kuɗin azurfa mai hoton wata mace, Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Fatake sun yi ta yawo da shi daga Tarabulus zuwa Barno da Kano. Nauyinsa giram 28. Za ka ga an rubuta 1780 a jikinsa. Kada wannan ya ruɗe ka: a shekarar ta rasu, kuma duk wanda aka buga daga baya wannan shekarar ake sa masa, har na zamaninmu. Masani ne kaɗai zai bambance tsoho da sabo.

Na wa ne?

Kafin ka shiga gonar mutum da na'ura, nemi izininsa. Ku yi magana a kan rabo tun ba a samu komai ba, ku rubuta, ku sa hannu a gaban mai unguwa. Rigima ba ta tashi sai abu ya fito.

Hukuma ma tana da magana. A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ce wanda ya ci karo da kayan tarihi ya sanar da hukumar da ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7. Ta hana haƙa don neman irin waɗannan kaya ba da izini ba. Ta hana sayar da su sai ga wanda hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fita da su waje ba takarda. Kana iya farawa da Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Kaduna ko na Jos. Nijar ma tana da dokarta ta kare kayan tarihi, ga kuma gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. A Ingila kwana 14 ake bayarwa. Wasu mutum biyu da suka tono kuɗin zamanin Alfred, wani tsohon sarki a Ingila, a 2015 suka ɓoye, suka bi dillalai, kotu ta tura su gidan yari a 2019, kuma yawancin kuɗin sun ɓace a hannun masu saye.

Na san tsoron da ke ran mutum: in na faɗa, za a karɓe a bar ni hannu wofi. Tsoro ne mai dalili, ban raina shi ba. Shi ya sa nake cewa kada ka je kai kaɗai. Tafi da mai unguwa ko dagaci, da hotunanka, da lissafinka. Duk abin da ka miƙa, a ba ka takardar shaida mai sa hannu da hatimi, ka karanta ta da kanka kafin ka tashi.

Ga Musulmi akwai hukuncin addini. Dukiyar da aka binne tun kafin Musulunci sunanta rikazi, kuma hadisi ya ce ana fitar da humusi a cikinta, wato kashi ɗaya cikin biyar. Wadda ke da alamar Musulmi kuwa, malaman Malikiyya sun ce tsintuwa ce, ana cigiyarta shekara guda. Anini da kwabon da ke kufan gidan wasu, wataƙila jikokin mai su suna nan cikin gari. Kai wa malamin da ka yarda da shi bayanin yadda ka samu.

Aikin aji

Wanda yake da tsohon kwabo ko sule a gida ya zo da shi gobe, a naɗe a takarda, ba a wanke ba. Za mu karanta shekarar da ke jiki tare. Sannan kowa ya rubuta wa mai unguwarsu wasiƙa mai layi biyar: me ya samu, yaushe, a gonar wa, guda nawa, kuma wa ya gani. Ga lissafi na gida: mutum ya tono anini 240, sule nawa ke nan?