Yadda Ake Buɗe Hanyar Baƙin Mai a Injin Mashin

'Yan kabu-kabun Birnin Kebbi sun yi ta tambayata, to ga shi:

1. Sassauta notin duba mai da ke saman injin.
2. Tayar da mashin. In mai bai tsattsafo ba cikin minti 1, kashe shi nan take, kada injin ya ƙone.
3. In man bai fito ba, tsiyaye tsohon mai.
4. Ciro rariyar mai, ka wanke ta da kananzir.
5. Buɗe murfin gefen kuloci.
6. Hura iskar mai faci cikin ƙananan ramukan da mai ke bi.

Hattara: kada ka zura ƙusa, tana ɓata ramin.

7. Sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin murfin da injin don hana yoyon mai. Kada ka lafta gam, sau da yawa shi nake tararwa ya toshe hanyar.
8. Zuba sabon mai, ka sake gwadawa.