Darasi na 6: Yadda ƙwayar cutar fulu ke yi wa garkuwar jiki wayo

Ba kowace mura ba ce fulu. Fulu ita ce wadda zazzaɓi ke rufe mutum lokaci guda, gaɓoɓi na ciwo, ga tari ga kasala. Wani bairos ne, wato wata irin ƙwayar cuta, ke kawo ta, kuma kar ku raina shi, a annobar 1918 ya kashe mutane wajen miliyan 50 a duniya.

Jikinmu fa yana da masu gadi tun daga haihuwa. Na farko majinar nan da muke ƙyama, ita ke manne ƙwayoyin cuta kamar danƙo, sai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani su riƙa turo ta waje. To shi wannan bairos yana da wani sinadari a jikinsa mai aiki kamar almakashi, da shi yake yanke abin da ya riƙe shi a cikin majina ya wuce abinsa.

Babban wayon nasa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar maƙogwaro ko huhu. A ƙa'ida duk ƙwayar da aka shiga takan saki wani sinadari mai suna intafiron, wato kururuwa ce take yi wa maƙwabta su rufe ƙofa. A 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a Landan, kuma da bairos ɗin fulu suka yi gwajin. Amma bairos ɗin yana ƙera wani furotin, NS1, wanda aikinsa kenan ya toshe wannan kururuwa, kamar ɓarawon da ya haura katanga ya fara ɗaure bakin maigadi, sannan ya zauna yana hayayyafa da kayan gidan, kafin maƙwabta su farga ya cika unguwa.

Shi ya sa akan yi kwana 1 zuwa 4 kafin a ji alamar ciwo, har ma mutum zai iya shafa wa wani kwana guda kafin shi kansa ya san ya kamu. Don haka rufe baki wajen tari da wanke hannu ba sai an kwanta ba.

Akwai magani, Tamiflu, da ke dakushe almakashin nan, ya fi aiki cikin awa 48 na farko, likita ne ke rubuta shi. Antibayotik kuwa ba ruwansa da bairos, asarar kuɗi ce kawai.

Tambaya: wane aiki intafiron ke yi, kuma me ke hana shi?