Yadda Ake Koya wa Yaro Ɗebe Manyan Lambobi Tare da Aro

A makarantun firamare da ake karatu da Faransanci a Garwa, Marwa, Ngaundere da Kuseri na arewacin Kamaru, yawanci a ajin CE1, wato aji na uku na firamare, ne yaro yake fara haɗuwa da ɗebewa mai aro, kuma a nan ne da yawa daga cikin yaran da suka iya tarawa suke fara tsoron lissafi. Galibi an ba su doka ne sun haddace tun kafin su ga abin da dokar take nufi, saboda haka ya kamata uwa ko uba ko yayan da zai taimaka a gida ya fara da hannu kafin alli.

Da farko a samo tsinken tsintsiya ko karan dawa da aka yanka gajeru, a ɗaure su goma-goma da zare, a bar wasu a warwatse. A sa yaron ya jera 52 da kansa, wato ɗauri 5 da tsinke 2, sannan a zana masa gida biyu a kan allonsa: na ɗaiɗai a dama, na gomomi a hagu. Kada a wuce wannan mataki sai ya iya faɗin cewa 5 ɗin da ke cikin 52 hamsin ce. Idan ya gane haka, a ba shi lissafi kaɗan marasa aro, kamar 58 a ɗebe 23, domin ya saba da farawa daga dama.

Daga nan sai a ce ya ɗebe 27 daga cikin 52, a kuma yi shiru. Zai miƙa hannu ya ga tsinke 2 ne kawai a warwatse alhali ana neman 7, kuma wannan ɗan tsaikon da zai yi yana da amfani ƙwarai, don haka kada babba ya yi gaggawar kwance masa ɗaurin. Idan ya rasa mafita, a tambaye shi ina sauran tsinkayen suke. Da zarar ya kwance ɗauri ɗaya, zai ga gabansa akwai ɗauri 4 da tsinke 12, sai a sa shi ya sake ƙirga duka domin ya tabbata har yanzu 52 ne, babu abin da ya ƙaru ko ya ragu. Ya cire 7 daga 12 saura 5, ya cire ɗauri 2 daga 4 saura 2, amsa ta zama 25. Sai bayan ya yi irin wannan sau da yawa za a rubuta shi a allo: a soke 5 a rubuta 4 a samansa, a sa ƙaramin 1 a gaban 2.

Kuskuren da aka fi gani shi ne yaro ya juya lambobin, ya cire 2 daga 7 tun da ita ce ƙarama, ya rubuta 35. Maganinsa shi ne a koya masa gwada amsarsa da tarawa: 35 da 27 sun ba da 62, ba 52 ba. Yaron da ya gano kuskurensa ta wannan hanya ya fi wanda aka gyara wa da jan biro riƙe darasin.

Lambobi masu gida uku, kamar 432 a ɗebe 158, ba su da wata sabuwar doka, aron ne kawai ake yi sau biyu har a samu 274. Inda ake shan wuya shi ne wurin sifili. A 503 a ɗebe 168, yaron zai je gidan gomomi ya tarar babu kowa, sai ya wuce gidan ɗaruruwa ya kwance ɗari ɗaya ta zama gomomi 10, sannan ya kwance ɗaya daga cikinsu, ya bar 9, ɗaiɗai su zama 13. Amsar ita ce 335. Yara da yawa suna manta mayar da 10 ɗin zuwa 9, shi ya sa ya fi kyau a sa su rubuta kowane canji daban maimakon su yi tsalle biyu a ka.

Kuɗi ma suna taimakawa a nan, domin yaron da ake aika kasuwa ya san takardar sefa 1000 tana canzuwa zuwa kwabbai 10 na sefa 100. Sai dai a yi hattara, domin a kasuwa da dala ake ƙirga, inda sefa 100 take dala ashirin, makaranta kuwa da sefa take lissafi. A tsaya a kan adadin da ke rubuce a jikin kuɗin, a yi amfani da 10, 100 da 1000 kaɗai.

Kafin a ci gaba, a duba littafin aikin yaron, domin malamai da yawa a tsarin Faransanci ba sa soke lambar sama. A 52 a ɗebe 27, suna sa 1 a gaban 2 ta zama 12, sannan su ƙara 1 a kan 2 ta ƙasa ta zama 3, a cire 3 daga 5. Amsar 25 ce dai, saboda an ƙara goma a sama da ƙasa, kamar an ɗebe 37 daga 62. A ganina hanyar kwance ɗauri ta fi sauƙin fahimta ga mai farawa, amma iyayen da suka yi karatu a Najeriya ko a makarantar Ingilishi kada su ce wa yaro malaminsa ya yi kuskure. A bar shi ya rubuta aikin gida da hanyar ajinsa, a riƙa gwada amsar da tsinkaye ko da tarawa, lissafi huɗu ko biyar a kowace yamma, ɗaya daga ciki mai sifili a tsakiya.