Yadda na gyara ƙofar gidanmu domin keken guragu

Dakalin ƙofar gidanmu da ke Gangare a Jos ya kai santimita 30, ga kwata a gabansa, saboda haka ba na iya fita da kekena sai matasan unguwa sun cicciɓe ni. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta gyara gine-ginen jama'a ne, don haka sai da na nemi yardar mai gidan haya, na kuma ɗauki nauyin aikin.

Magini ya so ya yi gajeriyar gangara, amma na dage a kan ƙa'ida: kowane santimita 1 na tudu yana buƙatar santimita 12 na tsawo, wato mita 3.6. Da yake lungun matsattse ne, sai muka bi da ita ta jikin bango, muka rufe kwatar da murfin kankare. Kafin simintin ya bushe, aka kakkarce samansa da tsintsiya saboda santsin damina, aka kuma ɗaga bakinsa kada taya ta zame gefe. Yanzu da kaina nake fita masallaci.