Kurakuran da ake tafkawa wurin maida giyar sitiyari ƙasa a tsohuwar akori-kura

Tsohuwar Peugeot 504 ɗin babanmu, wadda muke lodin albasa da ita daga Aliero zuwa Jega, ita ta koya min karatun nan, kuma da kuɗina na biya wallahi. Duk mai irin motocin nan na PAN, kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna, 404 ko 504, ya san yadda giyar sitiyari, wato wadda sandarta ke jikin sitiyari, ke yi in ta tsufa, kana lalube kamar mai neman allura cikin buhun gero, ka nemi lamba biyu ta ba ka huɗu. Sai abokai su ce kai dai maida ta ƙasa ka huta.

Babban kuskuren tun nan yake farawa, mutum bai bincika me ya lalace ba. Giyar sitiyari da rodi biyu take aiki, ɗaya shi ke zaɓen layi, ɗaya shi ke tura giya ta shiga, kuma a gaɓoɓinsu akwai ƙananan bushin, 'yan zobban da ke hana gaɓar wasa. In suka cinye sai hannun giya ya riƙa lilo. Canjin bushin aikin safiya ɗaya ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In kuma tana ƙara "ƙurrr" duk lokacin da za ka sa giya to kulochi ne bai saki sosai ko cikin giyabos ne ya ci, ko a rufin mota ka dasa sandar giya ƙarar nan na nan. Ka sa bakanike ya shiga ƙasa kai kana motsa giya yana kallo, nan take za a ga inda wasan yake.

To a ce ka dage sai ka maida. Kar ka yarda a taɓa ƙasan mota da giranda sai an ɗaura kayan a jikin giyabos an ga inda sandar za ta ɓullo. Ni nawa bakaniken (ba zan kama suna ba, muna gaisawa har yau) ido kawai ya sa ya yanka, ramin ya kauce kusan yatsa uku, ya ƙara yanka, ƙarshe sai ga rami har kana hango kwalta tana gudu. Abin da ya dace a huda ɗan ƙaramin rami daga ƙasa da diril, a duba daga sama, sannan a faɗaɗa kaɗan kaɗan. A lura da ƙarfen da ya gitta ƙasan, da fayif ɗin mai da na birki da wayoyi, musamman lokacin walda. A cire kan batir tukuna.

Wani abin da 'yan walda ke so, su kama gindin sandar da bodi saboda ya fi sauƙi. Inji da giyabos kan roba suke zaune, suna motsi daban da bodi, ballantana pickup mai lodi a hanyar ƙauye. Da ka faɗa rami sai rodin ya fizgo, giya ta fita da kanta kana tsakiyar hawa. A jikin giyabos ake ɗaure ta, su motsa tare. Shi ya sa na fi son a nemo cikakken saiti daga 504 wadda dama giyar ƙasa ta zo da ita, sanda da rodi da biraket duka, wurin masu kayan Beljiyam ko masu yanka mota, maimakon ƙere-ƙeren rodin gini. In injin sit da giya sit, wato robobin da inji da giyabos ke zaune a kai, sun mutu a canza su a lokacin.

Saiti kuma a firi ake yinsa, wato ba a cikin kowace giya ba. Giyabos a firi, sanda a tsaye a tsakiya, sannan a daidaita tsawon rodi har ya shiga ba tare da an tilasta shi ba. Masu gaggawa su ɗaure haka nan, sai ka ga ɗaya da uku na shiga lafiya, biyu da huɗu rabi rabi. Giya mai shiga rabi haƙoranta take ci a hankali. Kafin a sauke mota daga jak a bi ɗaya zuwa huɗu da ribas, inji a kashe, sannan a kunne.

Kujera ma ana mantawa da ita. Doguwar kujera ce ta mutum uku, ka matso da ita gaba iyaka ka ja lamba biyu da huɗu ka gani ko sanda na bugunta, in tana bugu a ɗan lanƙwasa sandar. Na tsakiya kam ya shirya haƙuri, yaron motarmu har yau a karkace yake zama.

Sai robar rufe ramin. Mu tsumma muka cusa, ranar farko a hanyar Argungu muka sauka kamar mun fito daga injin niƙa, ga zafi ga hayaƙin salansa yana shigowa, wanda shi ne ma abin tsoro don yana sa jiri da barci kana tuƙi. A sa roba mai kyau a danne ta da falanki da sukuru. Tsofaffin rodin sitiyarin a kwance su gaba ɗaya kar su riƙa reto kusa da sitiyari, ka zuba su a buhu ka ajiye, masu irin motar na nemansu ido rufe.