Yadda ake gane irin tururuwa ta hanyar DNA

1. Kamo tururuwa ma'aikata kaɗan daga gida ɗaya, ka jefa su nan take cikin 'yar kwalba mai ruwan sinadarin ethanol kashi 95 cikin ɗari. Rubuta wuri da kwanan wata da fensir, ka saka takardar a ciki. Tawadar biro narkewa take yi.

2. Ɗauki hoton tururuwa guda, sannan ka cire ƙafa ɗaya da hantsaki mai tsabta. Ajiye sauran jikin, shi ne shaidarka.

3. A ɗakin gwaji, a fitar da DNA, a ninka guntun DNA da ake kira COI da na'urar PCR, wadda ke yin kwafinsa da yawa. Tsawon guntun harafin DNA 658 ne kacal, kuma shi ne wanda masanin kimiyya Paul Hebert ya gabatar a 2003 don gane irin halittu.

4. Aika a karanta jerin haruffan, ka kwatanta da rumbun bayanan DNA mai suna BOLD na Jami'ar Guelph a Kanada.

5. In bambancin jerinka da na rumbun ya haura kashi 2 ko 3 cikin ɗari, kada ka yi saurin cewa sabon iri ne. Rumbun na da giɓi, musamman a tururuwar Afirka. Kai wa masanin siffar ƙwari ya duba muƙamuƙi da gashin jiki, kamar yadda aka haɗa hanyoyin biyu a Madagaska a 2005.